Jakar Ko-ta-Kwana: Abin da Matafiyi Zai Bar wa Gida

Maganarmu ta yau a kan jaka ɗaya ce tak, wadda ya kamata kowane gida a Zango ya tanada, a rataye ta kusa da ƙofa. Mu kira ta jakar ko-ta-kwana.

To, me ya kawo maganar? Yawancin masu jinmu matafiya ne. Mai kai goro arewa, mai sauko da albasa daga Nijar, mai ɗauko tumatir daga Burkina Faso, mai bin shanu wajen ciyawa, kowa yakan yi kwanaki, wani ma makonni, ba ya gida. Wuta da ruwa kuwa ba sa jiran maigida ya dawo. Waɗanda abin ke tararwa su ne uwargida da yara da tsofaffi.

Mutanen Kumasi ba sai an ba su labari ba. A watan Maris na 2023 gobara ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia. A watan Maris na 2025 kuma wata ta cinye shaguna masu yawa a Adum. Idan kasuwa ta sha haka, ina ga gidajen hayarmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, inda ɗaki ke manne da ɗaki, lungu kuma motar kashe gobara ba ta iya shigarsa? Da damina, rafin Aboabo kan cika ya shiga gidaje, musamman in shara ta toshe magudana. Ku kuma 'yan'uwa makiyaya na arewacin Gana, kun san yadda kogi ke tumbatsa a wajajen Pwalugu duk lokacin da aka buɗe madatsar ruwan Bagre ta Burkina, galibi cikin Agusta ko Satumba.

Yanzu, me za a sa a jakar?

Na farko, takardu. Ghana Card, katin asibiti na NHIS, takardun haihuwar yara, takardar gida ko ta haya, da katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa wanda ake tambaya a bakin iyaka. Abin da za ka tafi da shi, ka bar kwafinsa a gida. Makiyayi ya haɗa da takardar rigakafin dabbobi da ta ƙetare iyaka da su. A naɗe su cikin leda biyu, a ƙulle tam. Kaya in sun ƙone a hankali ake mayarwa, amma neman sabuwar takarda yawo ne mai cin kuɗi da kwanaki.

Na biyu, ruwan sha. Wannan ba zai shiga jaka ba, sai dai a ajiye shi kusa da ita, a bisa wani abu. Jakar fiya wata ɗaya ƙulli 30 ce, kowane ƙulli rabin lita, ke nan lita 15. Gida mai mutum biyar, in kowa ya sha lita uku a yini, jaka ɗaya ta tafi. Kwana uku, jaka uku. Bayan ambaliya kada a amince da ruwan rijiya sai an tafasa shi, don ruwan masai kan gauraya da shi, kuma daga nan kwalara ke shigowa.

Na uku, abincin da ba ya neman wuta: garin rogo, sukari, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, kifin gwangwani. Abin da zai riƙe cikin yara ne har a samu inda za a ɗora tukunya.

Na huɗu, magani. Farasitamol, bandeji, auduga, sabulu, gidan sauro, da ƙunshin maganin gishiri da sukari na gudawa. In babu na kanti, ga yadda ake haɗawa: ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ƙullin fiya wata biyu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin. In akwai mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma a gidan, a ware masa maganin mako guda, a rubuta sunan maganin a takarda. Iyayenmu mata, a sa audugar mata da kayan jariri, da zane da rigar sanyi.

Na biyar, haske da labari. Tocila da batir na ajiya, ƙaramar rediyo mai batir, cajar waya, da usur. Usur ɗin nan kada a raina shi: yaro ko tsohuwa da ruwa ya tare a ɗaki, muryarsu za ta dushe, amma ƙarar usur tana kaiwa nesa. Ashana a sa ta a leda. Kananzir da fetur kuwa ba su da wuri kusa da jakar nan.

Na shida, kuɗi a hannu. Na san yanzu komai MoMo ne. To, ranar da wuta ta ɗauke, waya ta mutu, mai MoMo ya rufe rumfa, fa? A bar 'yan sidi, ƙananan canji, gwargwadon kuɗin mota zuwa asibiti da abincin kwana biyu. Kuma a yi alkawari ba kuɗin cefane ba ne.

Na bakwai, lambobi a rubuce a takarda, da boko da ajami in da hali. Lambar gaggawa a Gana 112 ce, ta 'yan kwana-kwana 192. A ƙara lambar maigida, ta direban da yake bi, ta maƙwabci, da ta wani ɗan'uwa a wata unguwa inda za a iya kwana. Mu nawa ne muka haddace lambar iyalinmu in waya ta faɗa ruwa? Hukumar agajin gaggawa ta NADMO tana nan tun 1996, amma kafin taimako ya iso, awannin farko na mutanen gida ne.

Ga kuma abin da ya fi duka. Jakar da maigida kaɗai ya san inda take, ya kulle ta a akwati ya tafi da makulli, ba ta da amfani. Alhaji, kafin ka hau mota, ka tara iyali. Ka nuna wa Hajiya, ka nuna wa babban yaro. A san wa zai ɗauki jaka, wa zai goya ƙarami, wa zai riƙe hannun kaka, kuma ina za a haɗu, bakin masallaci ko filin makaranta. Wanda ya fita kada ya koma ciki don ɗauko kaya. Jakar kuma ta zama wadda mace ɗaya za ta iya saɓawa ta yi sauri.

A riƙa buɗe ta sau biyu a shekara, ƙaramar Sallah da babbar Sallah, a canza gari da batir da maganin da kwanansa ya wuce.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ba sai an sayi komai yau ba. Wannan kasuwa a sa tocila, mai zuwa a yi kwafin takardu. Allah Ya tsare gidajenmu da dukiyarmu, Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.