Jawabi a Kan Rufe Tukunyar Gas a Gidajenmu

Yawancinmu mun bar itace da kananzir mun koma girki da gas, amma kaɗan ne aka koya wa yadda ake rufe shi. Mukan kashe murhu mu ce mun gama. Ba mu gama ba, domin tiyo yana nan cike da gas, tukunya kuma a buɗe.

In an sauke abinci, a fara rufewa daga kan tukunya tun wuta tana ci. Mai marfin murɗawa a juya shi dama har ya tsaya, ba da ƙarfin tsiya ba. Mai regileta ta maƙalawa a mayar da ɗan makunninta wurin rufewa. Wutar za ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sa'an nan a kashe murhu. Haka za mu yi kowane dare, da duk lokacin da za a bar gida ba kowa.

Gas ɗin da muke saye a tukunya mai kilo 6 ko 12.5 ba shi da wari. Kamfanoni ne suke zuba masa wani sinadari mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai domin hanci ya faɗakar da mu. Ya kuma fi iska nauyi, saboda haka in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, inda yaranmu suke shimfiɗa tabarma.

To, in muka shiga kicin muka ji warin nan fa? Kada a ƙyasta ashana. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, gama ɗan tartsatsin da ke cikinsa ya isa ya tada gobara. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, su kunna fanka wai ta kore wari. A rufe tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da yara da tsofaffi. Waya ma sai an fita waje a buga. In an rufe amma tana ci gaba da huci, ko wuta ta riga ta kama kanta, kowa ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112.

Wurin neman inda yake yoyo, ruwan sabulu ake shafawa a bakin regileta da tiyo. Inda kumfa ya riƙa tasowa, nan ne. Tiyon da ya tsage a sake shi, kada a ɗaure da leda ko robar taya.

Muna roƙo, yau in mun koma gida, a tara duk wanda yake shiga kicin, har 'yan aiki da yaran da suka yi wayo, kowa ya rufe tukunyar da hannunsa sau ɗaya a gabanmu.