Gubar Dalma Da 'Ya'yanmu

Yau zancenmu a kan ƙurar dutsen zinariya ne.

A shekarar 2010, a ƙasar Zamfara, wajen Anka da Bukkuyum, yara suka yi ta mutuwa. Yaro ya kama amai, sa'an nan ya riƙa suma yana sandarewa. Da fari aka zaci zazzaɓi ne ko sanƙarau. Da likitoci suka auna jininsu, sai ga dalma. Yara wajen 400 suka rasu.

To, ina dalmar ta fito? Cikin dutsen zinariya take. Maza su haƙo su kawo gida, a daka, a niƙa, ƙura ta bi tsakar gida. Mai rarrafe kuwa, kun sani, kome ya taɓa sai baki.

Ga abin da likitocin yara ke cewa. Kada a daka dutse a cikin gida, balle a turmin hatsi. Mai haƙa ya yi wanka, ya sake tufa, kafin ya ɗauki ɗansa. A wanke hannun yaro kafin ya ci abinci.

In kun ga alamar ciwon, ku kai shi asibiti maza. Akwai magani mai fitar da dalma daga jiki, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace.