Jawabi Kan Tsayawa Bisa Ajandar Taro



Bara mun taru kan maganar rijiyar makarantarmu, amma muka ɓige da gardamar siyasa, aka watse ba a tara ko sisi ba. Har yau ƙannenmu suna yawon neman ruwa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ku tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Al'umma mai irin wannan nauyi ba ta da lokacin musu.

Shawarata ita ce: sakatare ya raba ajanda tun kafin zama, kowa ya samu minti uku, sauran zance ya jira ƙarshe. Wanda ya kauce, ko daga Gummi ya taso, shugaba ya dawo da shi cikin girmamawa.