SAMANJA CHARI DA HAKKIN MAZAN JIYA

Jawabin da Magatakardan reshen Jam'iyyarmu ya yi a Dakko, ranar 15 ga Janairu, watau ranar tunawa da mazan jiya.

 

Yau ce ranar da Gwamnati ta keɓe domin tunawa da sojojin da suka riga mu gidan gaskiya, saboda a rana mai kamar ta yau ne yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A Abuja da Gusau manya za su jeru su ajiye furanni, a busa bigila, a saki tantabaru, sa'an nan kowa ya shiga motarsa ya koma gida. To, mu nan ba mu da furanni. Abin da muke da shi labari ne na wani ɗan talaka, muna so ku saurara, domin a cikinsa akwai labarin gidaje da yawa na ƙasar nan.

Sunansa Chari Maigumeri, mutumin ƙasar Barno. A 1913, yana yaro matashi, ya shiga sojan Jamus, domin a zamanin nan Jamusawa ke mulkin Kamaru. Da yaƙi ya tashi a 1914 ya yi faɗa a ƙarƙashin tutarsu, har suka ba shi lambarsu ta jarumta wadda suke kira Kuros ɗin Ƙarfe. A 1915 garin Garwa ya faɗa hannun Turawan Ingila da na Faransa, aka kama shi. A 1917 sai ga shi cikin kakin sojan Nijeriya, aka kai shi Afirka ta Gabas ya yaƙi Jamusawan da suka koya masa riƙon bindiga.

Jama'a, kada wani ya ce wannan butulci ne. Yaƙin ba nasa ba ne. Sarakunan Turai ne suka yi rigima a kan rabon duniya, talakan Barno da na Sakkwato ba a shawarce su ba. Abin da ke hannun Chari shi ne amanar aikin da aka ba shi, ita kuwa ya riƙe ta. A 1928 ya zama babban Samanja na Bataliya ta 3, watau shi ne uban dukan sojoji baƙar fata na wannan bataliya, a gabansa ake kai ƙarar kowa.

Da yaƙin Hitila ya zo, aka kwashe sojojin Nijeriya zuwa Afirka ta Gabas su kori Italiya daga Habasha. A watan Fabrairu na 1941 suka shiga Mogadishu, daga nan suka fafari abokan gaba fiye da mil 700 cikin kwana 17 har Jijiga. A wannan yaƙi ne Ingila ta ba Chari lambar jarumta. Bayan haka aka haye da su teku zuwa Indiya da Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan cikin ƙungurmin daji da ruwan sama da zazzaɓi. Sunayen wuraren nan suna nan a jikin barikokinmu: Arakan da Myohaung a Ikko, Chindit a Zariya.

'Yan'uwanmu 'yan dako na kasuwa, wannan taku ce. A dajin Bama mota ba ta shiga, saboda haka dubban samarinmu aka ɗauka ba domin harbi ba, sai domin ɗaukar kaya a ka. Harsashi da abinci da gutsattsarin igwa, duk a kansu suka hau duwatsu, da yawansu adda kaɗai ke hannunsu. Ba domin wuyansu ba, da mai bindiga bai kai fagen fama ba.

A 1953 Chari ya ajiye aiki bayan shekara 36 yana bautar tutar Ingila. A shekarar ya halarci naɗin Sarauniya a Landan, aka kuma ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa. Ku dubi wannan da kyau. Mutumin da ya ga yaƙin duniya biyu bai taka matsayin hafsa ba sai ranar sallama, alhali saurayin Bature da ya sauko daga jirgi jiya, Chari ne zai ƙame ya sara masa. Duk da haka shi ya yi sa'a, domin akwai bariki a Lakwaja mai sunansa. Sauran fa? A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba. A 2019 kuma aka tono takardun da suka nuna kuɗin sallamar da aka ba Bature bayan yaƙin Hitila ya kusa ninka na baƙar fata sau uku, ko da igiyarsu ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, yanzu mu bar fagen fama mu shigo gida, domin nan ne maganar take.

Da an ɗauki soja ɗaya, gida guda aka ɗauka. A zamanin yaƙin Hitila ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake neman mutane, kuma kun san ba ɗan hakimi ake fara nunawa ba. Daga 1942 zuwa 1944 aka ƙara da diban gwamna, ana kwasar ƙarti daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Wa ya rage a gona? Tsoho da mace da yaro. Ita ce ta yi surfe ta yi daka, ta kaɗa auduga, ta aika yarinya da tallan ƙuli-ƙuli. Gishiri ya yi tsada, kananzir ya ɓace, haraji kuwa bai fasa zuwa ba. Wasiƙa in ta zo daga Bama, sai ta nemi mai karanta mata, ta ji ko mai gida na da rai.

Da yawa cikin mazajen nan, tunanin gida ne ya riƙe su. Soja ya yanke wani abu daga ɗan albashinsa a riƙa kai wa iyali. Ya dawo da 'yar akwatinsa da bargo da takardar sallama, ya gyara ɗakin uwarsa, ya sayi jaki ko keken ɗinki, ya koma gona. Wanda ya koyi tuƙi ya zama direba, wanda ya koyi karatun boko a bariki ya dage sai ɗansa ya shiga makaranta, ko da maƙwabta na yi masa dariya. Haka 'yan bayansu suka yi, waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da waɗanda aka kai Laberiya a 1990, daga baya Saliyo. Kun san su. Su ne dattawan da ke fara isa masallaci da asuba, masu share ƙofar gida tun kafin rana ta fito, waɗanda ke riƙe da marayun 'yan'uwansu ba tare da sun yi shela ba. Mu a wurinmu wannan jarumta ba ta gaza ta bakin daga ba, ta ma fi ta tsawon kwana.

Me aka saka musu da shi? A 2022, da kuma 2025, tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman hakkinsu, mutane masu furfura. Yau kuma a dazuzzukan Zamfara 'ya'yan talakawa ne ke cikin kaki suna fuskantar 'yan bindiga, kamar yadda 'ya'yan talakawa ne ake sacewa a gona da hanyar kasuwa. In ɗaya ya faɗi, ɗakin bariki ba gado ba ne, matarsa za ta tattara 'ya'ya ta dawo mana nan ƙauye.

Saboda haka reshenmu yana kira ga abubuwa huɗu.

Na farko, Gwamnati ta biya fensho da kuɗin sallama a kan kari, kuma a riƙa tantance tsofaffi kusa da gidajensu. Bai kamata mai shekara 80 ya ci bashin kuɗin mota domin ya je ya nuna yana da rai ba.

Na biyu, kowane gida mai soja ya adana lambarsa ta aiki da takardar sallama, a kuma tabbata sunan magajin da ya rubuta daidai ne. Hakki da yawa ya salwanta saboda takarda guda da gara ta ci.

Na uku, ofishin reshe zai rubuta wa kowace gwauruwar soja takardar neman hakki kyauta, ba za a tambaye ta katin jam'iyya ba.

Na huɗu, ku 'yan kasuwa, in matar mamaci ta zo awo ranar Talata a Mafara, ku cika mata mudu, in da bashi ku yi mata jinkiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan Samanja Chari Maigumeri, da waɗanda suka kwanta a Habasha da Bama babu mai sanin kabarinsu. Allah ya raya abin da suka bari, ya ba ƙasarmu lafiya, ya ba talaka sawaba. Amin.