Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Ƙungiya, Sabo Ibadan: Duba Mai Wahalar Numfashi

 

Mu ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma a daminar bara mun yi jana'izar wani yaro a unguwar nan, kwana uku yana haki ana cewa mura ce, ashe namoniya ce. Shi ya sa muka je wajen wata nas ta koya mana yadda suke duba mai ciwon ƙirji bi da bi, mu kuma muka kawo muku.

Na farko, a duba da ido. A zaunar da shi, kar a kwantar. Yana iya ƙarasa magana ko sai ya tsaya ya ja iska? Leɓensa ko harshensa ya yi shuɗi? In yaro ne a ɗaga rigarsa: idan ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, to abin ya yi nisa.

Na biyu, a ƙirga numfashi minti ɗaya cur da agogo, yana cikin natsuwa. Babba lafiyayye 12 zuwa 20 yake yi. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40.

Na uku, a kasa kunne. Ƙara kamar fito galibi asma ce. A taɓa jiki a ji ko da zazzaɓi.

Na huɗu, a yi tambaya: tarin kwana nawa? Akwai jini a majina? Tarin da ya kai mako biyu a je gwajin tibi. Maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, wata shida ake sha, kar a yanke.

Ƙwanƙwasa ƙirji da saurare da abin awo aikin likita ne. Namu shi ne gaggawa. In an ga ko ɗaya daga alamun haɗari, ko yaro ya kasa shan nono, a nufi asibiti, a bar turare da hayaƙi. Wanda yare ya yi masa wuya, ƙungiya za ta haɗa shi da mai jin Yarabanci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.