Baƙo Ba Ɗaki, Majiyyaci Ba Ɗan Rakiya

Jawabin da kwamitin taimakon juna ya gabatar a taron ƙungiya a Suleja



Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta ɗan'uwanmu wanda ya sauka garin nan bai da wurin kwana, ko kuwa ciwo ya kayar da shi bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Mun haɗa su biyun ne da gangan, domin a abin da muka gani, ba sa rabuwa.

Ko waɗanda suka kafa garin nan, tafiya ce ta kawo su. Zage-zagin da suka baro Zariya tare da Sarki Muhammadu Makau a zamanin jihadi su ne tushensa, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin a 1828, aka riƙa kiransa Abuja. Bayan da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ba shi sunan, nan kuma ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Mu kuwa galibinmu bayan wannan ne muka zo, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Sakkwato, muka bi aikin gini da ciniki. Gwamnati ta tare a Abuja a 1991, haya can ta fi ƙarfin talaka, sai kowa ya riƙa kwana nan yana sammakon aiki can. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin tarayya, da hana acaba a cikin birnin a 2006, suka ƙara turo jama'a Suleja da Madalla. Daga baya kuma ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina, har ma da Shiroro da Rafi a cikin jihar nan tamu ta Neja.

To, a da can yaya iyayenmu ke yi? Dattawan da ke nan sun fi mu sani. Bahaushe ba ya shiga gari haka kawai, sai ya nemi mai masauki, wanda wasu ke kira fatoma. Shi zai ba shi ɗaki ko zaure, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in an yi rigima. Idan baƙo ya kwanta ciwo, mai masauki ne ke neman magani, shi ke aikawa gida. In ta Allah ta kasance, shi ke sayen likkafani. Ba takarda, ba ofis, amma kowane baƙo akwai wanda ya san sunansa da sunan garinsu. Yau yaro zai sauko daga bayan tirela da tsakar dare, da 'yar jakarsa, ya kwana a tasha ko barandar shago, ya shekara biyu yana tura baro a kasuwa, kuma a cikinmu ba wanda zai iya faɗin sunan mahaifinsa.

Bari mu ba da labari ɗaya, ba za mu kama suna ba. Wani saurayi ɗan garuwa, da yawa a nan sun sha ruwan da ya kawo. Ya yi ta tari yana ramewa, ana ta saya masa maganin mura a kemis. Da ƙyar wani daga cikinmu ya kai shi aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi kan magani. Abokan kwanansa su shida da suka ji labari, sai suka fitar masa da tabarma waje. Ya koma masallaci, aka ce ya yi haƙuri. Wata bai cika ba muka neme shi muka rasa. Wasu sun ce ya koma ƙauye, wasu sun ce an gan shi wajen Gauraka. Katinsa na karɓar magani har yanzu yana hannunmu. Jama'a, maganin nan bai biya ko kwabo ba. Rashin ɗaki ne ya raba shi da shi.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe game da wannan ciwo. Duk wanda tari ya kai masa mako 2, a kai shi a gwada. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke ba da shi, kuma ana warkewa sarai. Sharaɗin shi ne a sha kullum har wata 6. Mutum yakan ji sauƙi tun a watan farko ko na biyu, a nan ne da yawa ke yaudarar kansu su bari, alhali ƙwayar cutar ba ta mutu ba. In ta dawo tana iya ƙin jin maganin farko, aiki ya koma sabo, ya kuma fi wuya. Ta iska ake ɗaukarsa, ba ta kwano ko moɗa ba, kuma wanda ya yi 'yan makonni yana shan magani yadda ya kamata, haɗarin ya shafa wa wani yana raguwa ƙwarai. Don haka abin da ya dace da yaron nan shi ne ɗaki mai taga, da wanda zai leƙo shi kowace safiya ya ga ya haɗiye ƙwayarsa. Su ma abokan kwanan nasa gwaji ya kamata a kai su, tunda sun riga sun daɗe suna shaƙar iska ɗaya.

Sai kuma sanin inda za a dosa. Kuskurenmu shi ne mu zauna gida har ciwo ya ci ƙarfin mutum, sannan a ɗauki shatar mota a yi Gwagwalada. Asibiti hawa-hawa ne. Zazzaɓi, awon ciki, rigakafin yara, gwajin hawan jini, duka aikin ƙaramin asibitin unguwa ne. Abin da ya gagare su, su rubuta takarda zuwa Babban Asibitin Suleja. In can ma ya gagara, sannan a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko kuwa Minna. Wannan takarda kada a raina ta, kada a naɗe ƙosai da ita. Ita ke gaya wa likitan gaba abin da aka riga aka yi, ta rage maimaita gwaji da kuɗin da za a sake kashewa. A manyan asibitoci kuma akwai sashen jin daɗin marasa lafiya, inda ake duba halin wanda ba shi da ƙarfi. Ba mu ce za a yafe kome da kome ba, amma wanda bai tambaya ba, ba zai samu ba.

Akwai kuma haƙƙin da doka ta ba talaka wanda yawancinmu ba mu nema. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma daga ciki ake biya wa marasa ƙarfi inshora a ƙananan asibitocin da aka zaɓa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta tanadi asusu na masu rauni. Ba kowa ke samun shiga ba, gaskiya ɗaya ce, guraben ba su kai yawan mabuƙata ba. Amma in lokacin rajista ya zo, wanda yake da lambar NIN, mai unguwa kuma ya san shi, shi ake rubutawa. Mai kwana a tasha wace unguwa zai ce tasa? Kun ga mun sake dawowa kan maganar ɗaki.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, masu gidajen haya da yawa suna zaune cikin wannan taro. Kuɗin shekara gaba ɗaya, ga na dillali, bazawara mai 'ya'ya huɗu da ta gudo daga ƙauye ina za ta samo? Sai ta gangara bakin rafi inda ɗaki ya fi araha. Waɗanda suka ga ambaliyar daminar 2017 a garin nan, da gidajen da ta ci da rayukan da aka rasa, sun san abin da arahar nan ke jawowa. Ranar da ruwa ya yi ɓarna kuma, jami'an ba da agajin gaggawa sunayen da aka rubuta suke bi.

Abin da kwamiti ya kawo gaban iyayenmu don su sa albarka ba mai yawa ba ne. Muna son a samu littafi ɗaya a hannun magatakarda, kowane shugaban sana'a, na mahauta, na 'yan garuwa, na 'yan dako, na masu shayi, ya kawo sunan sabon yaron da ya shigo ƙarƙashinsa, da garinsu, da lambar wani nasa. Muna roƙon duk mai gidan da ke da ɗaki ko shago a rufe ya ba ƙungiya aron wata 6, ƙungiya ce za ta tsaya a kan cewa za a fita ranar da aka yi alkawari, don mun san tsoron da ke hana mutane bayarwa ke nan. Masu fitar da zakka kuma su tuna matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikin waɗanda aka ambata.

Na ƙarshe shi ne ɗan rakiya, kuma shi muka fi nauyaya. Kada a sake ce wa baƙo “je ka asibiti” a juya baya. Wanda bai iya karatu ba, bai jin Turanci, bai san inda ake yankar kati ba, in ya ga layi sai ya koma. Muna neman maza biyu da mata biyu a kowace unguwa, su raka majiyyaci, su riƙe masa takarda, su tambayi ranar dawowa su rubuta. 'Ya'yanmu da ke aikin jinya da waɗanda suka gama makaranta suna zaune, ga aiki ya samu. Kuɗin motarsu daga asusun ƙungiya zai fito, ma'aji zai yi bayanin yadda za a tsara bayan mun zauna.

Littafin yana kan teburin magatakarda a bakin ƙofa. Wanda ke da ɗaki, ko wanda zai yi rakiya, ya ba da sunansa kafin a tashi. In kuma akwai wanda ya san inda yaron nan ɗan garuwa yake, don Allah ya same mu bayan taro.

Wassalamu alaikum.