Zakin Faransa a Kan Hanyoyin Afirka: Tarihin Kamfanin Peugeot

A cikin jawabinmu na yau za mu duba tarihin ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin ƙera motoci na duniya, watau Peugeot na ƙasar Faransa, wanda Bahaushe ya sauƙaƙa wa harshensa ya ce Fijo. Za mu ga asalinsa, da dalilin da ya sa motarsa ta yi farin jini a Afirka, da abin da masu ita suka gani na daɗi da na wuya, sa'an nan mu tsamo darasi domin wanda ke shirin zuba kuɗinsa a kan mota.

Peugeot sunan wani gida ne a gabashin Faransa, kusa da garin Montbéliard, dab da iyakar Suwizalan. A shekarar 1810 waɗansu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mai da wurin niƙan hatsi na gidansu maƙerar baƙin ƙarfe. Suka shiga ƙera zarto da sifirin, daga baya suka ƙara da ƙarafan laima da abin niƙa gahawa da na masoro. Hoton zakin nan da ake gani a goshin motar ma a jikin zarto ya fara fitowa, aka yi masa rajista a 1858. Nufinsu shi ne haƙoran zarton suna da ƙarfi kamar na zaki, ruwansa yana lanƙwasawa kamar gadon bayan zaki, yana kuma yanka da sauri kamar zaki ya kai bara.

Wanda ya juya akalar gidan zuwa ga abin hawa shi ne Armand Peugeot. Ya yi zama a Ingila, ya ga yadda keke ke samun kasuwa, ya sa aka fara ƙera shi a 1882. A 1889 ya nuna wata mota mai ƙafa uku mai tafiya da tururi a babban bajekolin birnin Paris. Bai daɗe ba ya gane tururi ba zai kai shi ko'ina ba, saboda haka a 1890 ya koma ga injin fetur irin na Bajamushen nan Gottlieb Daimler. A 1891 wata motarsa ta bi 'yan tseren keke daga Paris zuwa Brest, ta komo gida lafiya bayan tafiyar fiye da kilomita 2,000, abin da ya ba mutane mamaki ƙwarai a zamanin. Duk da haka ɗan baffansa Eugène bai yarda mota za ta yi kasuwa ba. Saɓani ya yi tsanani har Armand ya ware a 1896 ya kafa nasa kamfani, ba a sake haɗewa ba sai a 1910. Shekara biyu bayan haka aka buɗe ma'aikatar Sochaux, wadda ta zama cibiyar kamfanin.

A 1929 aka fito da mota mai lamba 201, kuma daga kanta ne al'adar sa sifiri a tsakiyar lamba uku ta samo asali. Kamfanin ya riƙe wannan al'ada da muhimmanci, har a 1964 ya tilasta wa Porsche na Jamus ya canja sunan motarsa daga 901 zuwa 911. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa Jamusawa suka mamaye ma'aikatar Sochaux, sai motoci suka riƙa fitowa bi da bi: 203 a 1948, 403 a 1955, 404 a 1960, kana 504 a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai ta 1969.

To, me ya sa motar da aka ƙera domin Bafaranshe ta dace da hanyoyin Afirka haka? Amsar tana ƙarƙashin motar. Fijo 504 tana da tsawo daga ƙasa, ba ta yawan dukan cikinta a kan dutse ko kunya. Sifirin ɗinta yana da zurfin lotsawa, yana shanye gargada kafin ta kai ga fasinja. Ƙafafun baya ne ke tura ta, kuma farfelar da ke kai musu ƙarfi an sa ta cikin wani bututun ƙarfe mai kauri wanda ke kare ta. Injinta mai silinda huɗu ne, babu wani ɓoyayyen abu a cikinsa, makanike mai sifana da sukudireba zai iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar. An kuma gwada waɗannan motoci a bainar jama'a. A tseren Safari na Afirka ta Gabas, inda laka da duwatsu ke karya motoci, 404 ta zo ta ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1963 ɗin ma, daga cikin motoci 84 da suka tashi, 7 kaɗai suka kai ƙarshe. Ita ma 504 ta ci wannan tsere a 1975 da 1978.

A wannan zamani ne gwamnatin Nijeriya ta yi shawarar a riƙa harhaɗa motoci a cikin gida. Aka kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, aka buɗe ma'aikatarsa a Kakuri, a Kaduna, a 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. A shekarar nan jiragen ruwa masu ɗauke da siminti sun cunkushe tashar Ikko, don haka sai aka riƙa ɗauko sassan motoci ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. Kuɗin man fetur yana shigowa, ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo kuma ta mai da 504 motar manyan ma'aikatan hukuma. Cikin 'yan shekaru kaɗan Fijo ta zama ma'aunin da ake gane cewa mutum ya kai.

Yanzu bari mu juya ga masu motar, domin ba a sanin daɗin takalmi sai a ƙafar mai shi. Ga ma'aikacin gwamnati da ya karɓi adibas ya saya, babban abin yabo shi ne motar ba ta faɗuwa a kasuwa. Zai hau ta shekara da shekaru, in ya tashi sayarwa masu saye suna jira. Ga direban tasha kuwa, mai dogon bayan nan mai layin kujeru uku ita ce gonarsa. An yi ta domin fasinja bakwai, amma kowa ya san a hanyoyinmu ba nan lissafi ke tsayawa ba, ga kuma kaya a bisa har sun fi motar tsawo. A Senegal har sunan "mai wuri bakwai" aka laƙaba wa irin waɗannan motocin haya, a Masar kuma su ne suka daɗe suna jigila tsakanin Alƙahira da sauran garuruwa. Ɗan kasuwa da manomi su kuma akori-kura suka riƙe, wadda a ƙasashen da ke magana da Faransanci ake rufa mata tamfol, a sa benci, ta ɗauki mutane da buhuna da awaki zuwa kasuwar ƙauye.

Sai dai akwai mutum na huɗu wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ƙashin bayan al'amarin, watau makanike. Saboda motar ta yi yawa, kowane gareji ya san ta, kowane yaron makanike a kanta ya koyi aiki. Kayan gyaranta, sababbi da na hannu, ana samunsu a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Suame ta Kumasi. Direban da motarsa ta tsaya a daji ya san cewa a gari na gaba akwai mai iya ta da ita. Wannan kwanciyar hankali, fiye da ƙarfin ƙarfe, ita ce mutane ke nufi in sun ce Fijo ba ta mutuwa.

Amma fa ba yabo kaɗai aka yi mata ba. Masu ita sun yi kukan tsatsa, musamman a garuruwan bakin teku, da kuma ƙasashen sanyi inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Sun yi kukan zafin inji in aka yi sakaci da lagireto. Da motocin Japan suka shigo, sai aka ga ta fi su shan mai. Jabun kayan gyara sun ɓata wa motoci da yawa suna a kan laifin da ba nasu ba. Mafi muni kuma, laushin tafiyarta ya sa direba ba ya jin gudun da yake yi, in aka haɗa da lodi fiye da kima da tsofaffin tayoyi, sai a sami hatsarin da ke cinye rayuka. A Amurka labarin dabam ne. Can dillalan motar ba su da yawa, kayan gyara suna wuyar samu, kasuwa ta ƙi, har kamfanin ya tattara ya fita a 1991. Mota guda, amma inda babu mai gyara ta, ba ta yi daraja ba.

Shi kansa kamfanin ya sha faɗi-tashi. Ya karɓe Citroën a 1976, ya sayi reshen Chrysler na Turai a 1978, nauyin ya kusa kayar da shi, sai ƙaramar motar nan 205 da ta fito a 1983 ta cece shi, aka sayar da fiye da miliyan 5. A shekarar 1983 ɗin aka daina ƙera salun ta 504 a Faransa, amma sai bayan fiye da shekara 20 aka daina harhaɗa ta a Kaduna. A 2012 kamfanin ya yi hasarar kimanin Yuro biliyan 5. A 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na ƙasar Sin suka zuba jari, kowannensu ya sami kimanin kashi 14 cikin 100, daidai da abin da ya rage a hannun gidan Peugeot. Bayan fiye da shekara 200, ragamar ta kuɓuce wa zuriyar. A 2021 kuma aka haɗe da Fiat Chrysler aka kafa Stellantis.

A Nijeriya, abin da ya karya kasuwar Fijo ba lalacewar mota ba ne. Farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, aka kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar Naira ta zube. Da yake yawancin muhimman sassan motar daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, sai farashinta ya tashi ya bar ma'aikaci a ƙasa. Jama'a suka koma ga motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, da yawa ta tashar Kwatano. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta a 2006, bashi ya danne ma'aikatar, hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012. A 2022 wani sabon kamfani da ke da jarin Dangote ya fara harhaɗa motocin Peugeot a wata sabuwar ma'aikata kusa da Kaduna.

Motocin wannan zamani sun fi na da tsare rai a hatsari, sun fi tsimin mai, sun fi rage hayaƙi. Wannan gaskiya ce da bai kamata son tsohon abu ya rufe mana ido a kanta ba. Sai dai kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, in ta yi ciwo sai an jona mata na'urar bincike kafin a san inda cutar take. Suna kuma da tsarfa wajen man inji. Alal misali, ƙaramin injin nan da ake kira PureTech mai lita 1.2, bel ɗinsa a cikin man inji yake juyawa. Masu motoci da yawa a Turai sun yi ƙorafin yana ɓarɓashewa kafin lokacinsa, ya toshe hanyar mai, har kamfanin ya kira motoci domin a duba su, kuma a 2024 ya tsawaita lamunin gyaran wannan matsala zuwa shekara 10. Bature yana da dillalin da zai kai wa kuka. Wanda ya sayi motar ta hannu a Yamai ko Garwa ko Tamale, wa zai kai wa nasa?

Saboda haka, ga ɗan'uwanmu da ke Jidda ko Landan ko Amurka, yana tara kuɗi domin ya aika wa mahaifinsa mota, shawara ita ce kada suna ya ruɗe shi, ko na Fijo ko na waninta. Kafin ya biya, ya tambayi makaniken garinsu ko ya san wannan inji. Ya bincika ko ana samun kayan gyaranta a kasuwa mafi kusa, da irin man injin da aka ƙayyade mata. Ya duba tsawonta daga ƙasa, ya tuna hanyar da za ta bi da damina. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma motar da ta kwana wata shida a gareji tana jiran wani ɗan ƙarfe daga Turai ta zama nauyi ga wanda aka yi wa kyautarta.

Ga hukumominmu kuma, tarihin Kakuri ya nuna cewa harhaɗa mota dabam, ƙera ta dabam. Gidan Peugeot ya shafe kusan shekara 80 yana sarrafa ƙarfe kafin ya taɓa mota, don haka ya tarar da maƙera da gwanaye a ƙofar gidansa. Ƙasar da ta fara daga harhaɗawa, ba ta da nata ƙarfe, ba ta da masu yi mata sassa, ba ta da tsayayyar wutar lantarki, duk ranar da kuɗinta ya faɗi ma'aikatarta za ta bi shi. Yanzu da duniya ta fuskanci motoci masu aiki da lantarki, wannan tambaya za ta sake tasowa, kuma amsarta tana wurin horad da matasanmu na gareji da makarantun koyon sana'a tun da wuri.

A nan za mu dakata. Sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.